Rawaya Ta Yi Mai Ita

Kuna zuwa nan bakin lambuna a Tourou, kusa da Parakou, ku kafe babur, ku ga tukwane jere da furanni, sai ɗayanku ya ce, "Baba, ai wannan aikin hutu ne. Ka zuba ƙasa, ka zuba ruwa, Allah ya yi sauran." Na ji maganar nan har ta gundure ni. Wanda ya faɗa mini ita kwanan baya, iri na zuba masa a tafin hannu, na ce ya je ya zuba ƙasar, ya zuba ruwan, ya dawo mini da labari. Har yau ban ga ƙeyarsa ba. To, bari in gaya muku yadda sana'ar take, da yadda ɗan furen nan mai ruwan ɗorawa da ke can ƙarshen lambu ya tsayar da ni gaban mai unguwa.

Sunana Idi, ɗan Zugu ne ni, garin da ake rubutawa Djougou. Gidanmu gidan fatake ne, da goro kakanninmu suka zo suka zauna. Namiji a gidanmu, ko ya yi goro, ko ya yi tufafi, babu na uku. Bayan an sami mulkin kai, ƙasar tana amsa sunan Dahome tukuna, mahaifina ya tura ni Parakou in riƙa karɓar masa huhunan goro a tashar jirgin ƙasa. Kusa da tashar akwai wani otel mai lambu, ni kuwa kullum ina jikin shingensa ina leƙe. Mai kula da lambun wani tsoho ne ɗan Bargu, Baba Woru, tun zamanin Faransawa yake wurin. Rannan ya gaji da ganin kaina a shinge, ya miƙo mini arozuwa, wato bokitin ban-ruwa mai dogon hanci, ya ce in ba ni da aikin yi in ɗebo masa ruwa. Daga ranar ban sake ɗaukar huhun goro ba, kuma gidanmu ba su taɓa yafe wa tsohon nan ba.

Aikin farko da ya ba ni, tankaɗe ƙasa. Ba fure ba, ba dashe ba, ƙasa. Ya ba ni rariyar waya, ya nuna mini tsibi uku: baƙar ƙasar gindin ɗorawa, yashin rafi, da kashin shanun da ya shekara, wanda muke kwasowa daga kasuwar dabbobi. In na gauraya, sai ya dumtsa a hannu ya matse. In ta dunƙule kamar tuwo, ya watsar, yashi ya yi kaɗan. In ta zube ta tsakanin yatsu, ya watsar, yashi ya yi yawa. Damina ta zo ta wuce ina wannan aiki. Almakashinsa na yankan reshe kuwa, a aljihun wando yake yawo da shi, ko kallonsa na daɗe ina yi sai ya harare ni.

Sai wardi. A shekarun nan matan sababbin manya kowace so take a ga wardi a ƙofar gidanta, don haka ta gani a gidajen Turawan da suka tafi. Wardi kuwa a Parakou kamar baƙon da ruwan garin bai karɓe shi ba ne, kullum cikin jinya. Gara ta ci saiwa, rana ta ƙone ganye, ka yi masa rumfa ya ƙi fure, ka cire rumfa ya yi yaushi. Madam za ta saya, ta dasa tukunyar a kan siminti tsakar rana, ta dawo tana faɗa wai matacce na sayar mata. Waɗanda ban taɓa samun matsala da su ba su ne dillalan shanu da mahauta. Su dashen mangwaro da lemo suke saya, su tambaye ka yadda ake ba shi ruwa, su yi yadda ka ce. Mutumin da ya saba da abu mai rai ba ya yi maka gardamar banza.

Wani rani ina hanyar gida, kamiyon, wato motar kayan da muka hau, ya lalace gaba da ƙauyen Onklou. Muka sauka muka zauna bakin hanya. An ƙone dajin wurin ba da daɗewa ba, ƙasa baƙi ƙirin, toka ko'ina. A cikin tokar nan sai ga furanni rawaya shar, zaune a ƙasa, babu kara, babu ganye ko ɗaya. Rawaya ce. Kowa ya san ta: mata na haƙo saiwarta, su daka, su shanya, su zuba garin a miya ta yi launi kamar an sa manja, kuma ana jiƙa ta wa mai shawara. Tun ina yaro nake cin ta, amma ban taɓa tsayawa na kalli furenta ba sai ranar. Na ce a raina, ga abu a ƙasarmu yana fure cikin toka, ba ruwa ba rumfa, ni kuma ina can ina yi wa wardi fifita. Can gefe, inda wuta ta riga ci da wuri, wasu sun riga sun ɗaura 'ya'ya har sun tsage. Ciki auduga ce fara, da ƙananan iri baƙaƙe a lanƙwashe. Na cika hulata.

Da na nuna wa Baba Woru, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Abin daji ba ya zaman lambu, Idi. Na gwada tun ba a haife ka ba." Ya kusa yin gaskiya. Na shuka a kasko, na ba su ruwa, damina ta ƙare ko ɗaya bai tsiro ba. Na tone, na same su yadda na sa su, da tauri kamar tsakuwa. Na jiƙa a ruwan sanyi, banza. Ɓawon ne ba ya barin ruwa ya shiga. Sai na ɗauki dutsen da muke wasa wuƙa, na riƙa goga irin ɗaya bayan ɗaya ta bayansa, har in ga ɗan fari-fari ya leƙo, sa'an nan in jiƙa a ruwa mai ɗumi ya kwana. In ka goga kaɗan, ba zai tsiro ba. In ka zarce, ya ruɓe. Irin bai kai ƙwayar wake ba, don haka rabin abin da kake gogawa a dutsen fatar yatsunka ce. Wanda ke cewa aikin hutu ne, ya zo in ba shi dutsen.

Tsirowar ma ba ita ce ƙarshen wahala ba. Gyare ya yanke, ƙadangare ya tsinke, kaza ta tone. Wanda ya tsira ya yi ganye mai yatsu kamar na rogo, ka fara murna, rani na shiga sai ya bushe ƙurmus, fili ya koma wayam kamar ba a taɓa shuka komai ba. A nan ne mai gaggawa yake kashe ta, don zai ɗauki arozuwa ya yi ta kwarara ruwa, saiwar ta ruɓe a ƙasa. Ba ta mutu ba, kwance take. Sai dai mai otel bai ga dalilin da zai sa a bar masa fili tsirara a gaban baƙi ba, ya ce a dasa wani abu a wurin. Ban ga laifinsa ba, lambunsa ne. Na gane cewa in ina son rawaya, sai na sami ƙasar da ba mai ce mini tashi.

Lokacin mahaifinmu ya rasu, gida yana hannun wana, Yaya Mamman. Na koma Zugu, ya ba ni wani ɗan fili bayan gida wajen rafi, yana yi yana tsaki, wai ɗan fatake ya koma wasa da ƙasa. Na yi rainon dashen mangwaro da lemo don abin sawa a baki, gefe guda kuma na ja igiya na shuka rawayata layi-layi. Damina ta zo ta tafi, wata ta zo ta tafi, ina cire ciyawa da hannu don kada fartanya ta taɓa saiwa. Da na ga saiwoyin sun yi ƙwari, wani rani na baza busasshiyar ciyawa sama-sama a kan kunyoyin, ba itace ba, don itace zafinsa na shiga ƙasa. Na jira safiyar da iska ta kwanta, na sa wuta. Maƙwabta suka fito da ƙwarya da bokiti, suna cewa Idi ya zare. Ba a daɗe ba furanni suka fasa toka, layi bayan layi. Na yi farin cikin da ban taɓa yin irinsa ba, na tsuguna a wurin har rana ta yi zafi. Mutane suka zo kallo suna dariya, suna cewa na kawo daji cikin gari.

Shekarar da ta biyo ita ce muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta ƙosa ba, rijiyoyi suka ja baya, rafin bayan gidanmu ya koma yashi. Dashen mangwarona ya yi ta mutuwa ina kallo, don ba za ka ɗebi ruwan da mutane ke layi a kansa ka zuba wa itace ba. Manja ya yi wuya a kasuwa. Dajin kusa da gari kuma an soma nome shi da garmar shanu don auduga, garma kuwa ba ta barin saiwa, sai mai neman rawaya ta yi tafiya mai nisa. Tawa ce kaɗai ba ta damu da fari ba. Na ƙona, ta yi fure, ta ɗaura 'ya'ya fiye da bara. Dukan fatana yana kan irin nan, don da shi nake so in fara rainon ta a tukwane in sayar kamar kowane fure.

Na kwashi ragowar dashen da ya tsira na kai Parakou in sayar. Ranar da na dawo aka kawo mini tuwo da miya ja-ja, mai daɗi, na cinye har ina santi, ina cewa ashe gidanmu akwai sauran manja. Da safe na zagaya baya. Ramuka na gani, layi bayan layi. An bi rawayata da dagi an tumɓuke, 'ya'yan da ba su nuna ba an watsar da su a ƙasa, awaki na tattakawa. Sai 'yan kaɗan da suka tsira a ƙarƙashin ƙayar shinge.

Ba sai na yi bincike ba. Gwaggo Larai, ƙanwar mahaifina, wadda ke sayar da garin rawaya a kasuwa, tana tsakar gida ta baza saiwoyin a tabarma tana shanya.

Na ce, "Gwaggo, wa ya haƙe mini rawaya?"

Ta ce, "Ni da 'ya'yana. Amma tsaya, wai haƙe maka? Tun yaushe rawaya ta yi mai ita?"

Na ce, "Tun da na shuka ta. Shekaru nake wahala a kanta."

Ta ce, "Kai Idi, ji mini yaro! Ana shuka dawa, ana shuka doya. Rawaya ta Allah ce, wadda ta duƙa ita ke da ita. Da rana tsaka na shiga, ban ɓuya wa kowa ba. Mangwaronka ko ganye na taɓa?"

Ba ta taɓa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ba ɓarauniya ba ce. Ka'idar garinmu ta bi: abin da aka shuka yana da mai shi, ciyawa da saiwar magani na duk wanda ya samu ne, ko a gonar wa suka fito. A idonta abin da na yi shekaru ina yi ba aiki ba ne. Na yi fushi ƙwarai, na kai ƙara wajen mai unguwa.

Ɗa ya kai ƙanwar ubansa ƙara a kan ciyawa! Zaure ya cika har waje. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, ba biya nake nema ba, ba na son ko tsinke daga hannunta. So nake a faɗa a nan cewa abin da ke bayan gidanmu shuka ce." Na nuna masa yatsuna. Na ce a je a duba ramukan, a gaya mini ko an taɓa ganin daji ya ja igiya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya juya ya yi shawara da dattawa, sa'an nan ya ce, "Idi, mun ji wahalarka. Amma kakanninmu ba su shuka rawaya ba, kuma in na ce yau tana da mai ita, gobe kowane mai gona zai kori mata daga daji. Larai ba ta yi laifi ba. Ka ba ta haƙuri, uwa ce."

Na gaishe ta yadda ake gaida uwa, amma haƙurin ban bayar ba. Da muka koma gida Yaya Mamman ya ce na zubar wa gida mutunci, ko in shuka albasa a filin kamar mai hankali, ko in bar masa abinsa. Na ce ya ba ni lokaci 'ya'yan da suka rage su nuna. Na riƙa wuni a gindin shingen ina korar awaki, mutane na wucewa suna girgiza kai. Da suka tsage na juye irin a gora, na ɗaure kayana, na bar Zugu.

Nan Tourou a lokacin daji ne, gidaje tsilla-tsilla. Wani manomi ya ba ni wannan wuri don tsakuwa ta yi masa yawa. Kafin in sa iri ko ɗaya a ƙasa, na bi gidajen maƙwabta da gorana da dutsena, na zauna gaban matan kowane gida na goga suna kallo, na ce, "Kun gani? In ta fito, ku san daga hannun nan ta fito." Suka yi mini dariya, amma ba wadda ta taɓa shigar mini lambu. Sannu a hankali masu saye suka zo. Na farko wani mahauci ne da ya ce ta tuna masa da hanyar garinsu. Madam-madam ɗin nan ma daga baya suka fara tambaya, da suka gaji da binne wardi.

Shekaru suka wuce, har sunan ƙasar ya sauya, auduga ta ci dajin Zugu har wajen Bariénou. Rannan ina tankaɗe ƙasa sai na ji sallamar da na sani. Gwaggo Larai ce, ta zo bikin suna a Parakou, ta tsufa, tana dogara sanda. Bayan gaisuwa ta kalli ƙarshen lambu, ta ce, "Idi, sana'ata ta mutu. Ƙafata ba ta kai ni inda take. Ka haƙo mini ko kaɗan ne."

Na ce, "Gwaggo, saiwa kam ba zan ba ki ba. Ga iri, ga dutse."

Ta ce, "Ni da tsufana zan zauna ina goga tsakuwa? Kai dai ba ka da kunya tun kana ƙarami."

Na ce, "Haka ne. Miƙo hannunki in nuna miki."

Ta zage ni tas, ta ƙulle irin a bakin zane, ta tafi da dutsen. Na ɗauka a hanya za ta zubar. Sai ga saƙonni sun fara zuwa ta bakin direbobin Zugu. Wai ta tsiro, me ake yi wa gyare? Wai ganyen ya bushe duka, na cuce ta da mataccen iri. Na aika a ce mata kada ta kuskura ta ba ta ruwa. A bayan ɗakinta ta shuka, ta kewaye da karan dawa, jikokinta ma ba su isa su ratsa wurin ba.

Saƙo na ƙarshe ba daga gare ta ya zo ba, daga mai unguwa ne, wai in zo ana nemana. Na je. Zauren nan ne, mutumin nan ne, sai dai gemu ya yi fari fat. Matar wani maƙwabci ce ta shiga bayan ɗakin Gwaggo da dagi ta haƙe mata rabin rawayarta, kuma da rana tsaka ta shiga, ba ta ɓuya wa kowa ba. Gwaggo ce ta kawo ƙara, tana zaune tana huci.

Mai unguwa ya ce, "Larai, ba a zauren nan kika ce rawaya ba ta da mai ita ba?"

Ta ce, "Na faɗa. Rannan ban goge yatsuna a dutse ba."

Ya juyo gare ni ya ce, "Idi, kai ka san abin nan fiye da kowa. Shuka ce ko ciyawa?"

Yaya Mamman na gefe ya sunkuyar da kai, don ya tabbata yau zan rama. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni maganata ba ta sauya ba. Abin da na faɗa a nan wancan karo shi ne dai. Wadda ta fito da kanta a daji ta kowa ce. Wadda hannu ya sa a ƙasa tana da mai ita, kuma wannan ta Gwaggo ce."

Mai unguwa ya dubi dattawa, ya ce haka za a yi daga yau. Mutane suka fara neman takalmansu. Ni ban motsa ba. Na ce, "Saura tawa."

Ya ce, "Haba Idi, abin da ya wuce shekara da shekaru?"

Na ce, "Ba biya na nema ba a lokacin, yau ma ba shi nake nema ba. Kalma ɗaya na zo nema zauren nan aka hana ni."

Ya buɗe baki zai sallame ni, sai Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "Ka faɗa masa, Malam. Tasa ma shuka ce. Shuka ce, kuma ni na haƙe ta." Ba ta kalle ni ba. Mai unguwa ya maimaita a gaban kowa. Idona ya ciko, ban ɓoye ba.

A ƙofar zaure Yaya Mamman ya riƙe hannuna, ya ce filin bayan gida yana nan, in dawo in karɓa. Na ce na gode, ina da lambu. Na raka Gwaggo gida, na taya ta mayar da ƙasa a ramukan, na hau motar yamma na koma Tourou, don na bar iri a jiƙe kuma ba ya jiran kowa.